Kek Da Cincin Na Gida: Ma'aunin Sukari Yana Hannunki, Uwargida

 A wannan fitowar ina so mu tattauna a kan wani abu da kusan babu gidan da ba a yin sa, wato kayan zaƙin da muke haɗawa da hannunmu: kek, cincin, biskit, dublan, alkaki, nakiya, gireba, tuwon madara, gullisuwa da 'yan uwansu. Da zarar Salla ta matso, ko aka sa ranar biki, ko suna ya tashi, sai unguwa ta ɗauki ƙamshi. Wannan gida ana murza cincin, wancan ana tsoma dublan a ruwan sukari, wata kuma ta zuba yashi a tukunya ta jera gwangwanaye tana gasa kek a kan gawayi.

Tun farko bari in faɗi inda na tsaya. Ba na cikin masu cewa a daina yin waɗannan abubuwa. Da su ake fita kunyar baƙi, da su ake haɗa garar amarya, kuma mata da yawa da su suke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu. Ra'ayina shi ne, babban abin da na gida ya fi na kanti da shi guda ɗaya ne: ke ce kike riƙe da ma'auni. Wadda ta sayi biskit a kanti ba ta da ta cewa a kan yawan sukarin da ke ciki. Ke da kika kwaɓa da hannunki kina da ita. Idan kuwa ba ki yi amfani da wannan dama ba, to jinin wanda ya ci bai san bambancin na gida da na kanti ba.

“Ai Na Gida Ne”

Mu ungozomomi muna yawan jin wannan magana a ɗakin awo. Za a gwada jinin mai ciki a ga sukari ya hau, a tambaye ta abin da take ci, sai ta ce, “Sista, ni fa ba na cin kayan kanti, cincin ne kawai da kek, kuma na gida ne, da hannuna na yi.” Tana faɗin haka da zuciya ɗaya, domin a ganinta duk abin da aka yi a gida lafiyayye ne.

Akwai gaskiya a cikin maganarta. Na gida kin san ruwan da aka kwaɓa shi da shi, kin san hannun da ya taɓa shi, kin san ranar da aka yi shi, kuma babu magungunan hana lalacewa a ciki. To amma tsabta daban, yawan sukari daban. Sukarin da kika zuba a kwanon kwaɓinki shi ne dai wanda kamfani yake zubawa a nasa. Hasali ma, tun da yawancinmu da ido muke awo, kuma muna gudun a ce abinmu salam yake, sau da yawa hannunmu ya fi na kamfani nauyi.

Mu Yi Ɗan Lissafi

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a kan sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha. Ta ce kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci a yini, kuma idan aka mayar da shi ƙasa da kashi 5 ya fi alheri. Ga babban mutum, kashi 10 ɗin nan kimanin giram 50 ne, wato ƙananan cokula 12 na shayi. Kashi 5 kuwa giram 25 ne, wato cokula 6. Ƙaramin cokali ɗaya yana ɗaukar kusan giram 4. Wannan lissafi ya haɗa da zuma, da ruwan sukari, da ruwan 'ya'yan itace da aka matse. Bai haɗa da ɗan itacen da aka ci da ɓargonsa da namansa ba, kamar gwanda ko lemo ko kankana.

Yanzu mu ɗauki kwaɓin kek da aka saba, wanda ake yi da rabin kilo na fulawa, rabin kilo na bota, rabin kilo na sukari da ƙwai kamar 10. Idan wannan kwaɓi ya ba ki kek guda 20, to kowane ɗaya yana ɗauke da giram 25 na sukari, wato cokula 6. Kek ɗaya tak ya cinye kason yini guda na wanda yake son bin shawarar da ta fi. Ba mu ma yi maganar farin sukarin da ake shafawa a sama don ado ba.

A ranar biki kuma ba kek kaɗai ake ci ba. Da safe an sha shayi ko koko da sukari, ce cokula 4. A wajen taro an ci kek ɗaya, cokula 6. An kora da kwalbar lemo mai santilita 35, wadda da yawa daga cikin irinta suna ɗauke da cokula 8 zuwa 9. Kin ga an doshi cokula 20 ke nan, alhali ba a taɓa alkaki da dublan ba, waɗanda bayan an soya su sai an tsoma su a ruwan sukari sun sha sun ƙoshi. Tuwon madara da iloka kuwa, in kika cire madara, abin da ya rage kusan duk sukari ne.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba. Ita kanta farar fulawa, tun da an cire mata dusa, da ta shiga ciki nan da nan take narkewa ta koma sukari a cikin jini. Saboda haka cincin ɗin da ba ya da zaƙi sosai a baki, idan aka ci shi da yawa, zai ɗaga sukarin jini. Kuma kowa ya san halin cincin: ana hira ana ɗiba, kafin a ankara kwano ya yi rabi.

Mai Ciki Da Kayan Zaƙi

Ga abin da ya sa ungozoma take tsoma baki a maganar kek. Idan ciki ya wuce rabi, mabiyiya tana fitar da wasu sinadarai da ke rage wa insulin ƙarfi. Insulin shi ne sinadarin da ke kwashe sukari daga jini ya shigar da shi cikin tsoka da sauran sassan jiki. Yawancin mata jikinsu yakan ƙara yawan insulin ya cike giɓin. Wasu kuma jikin ba ya iya cikewa, sai sukari ya taru a jini. Wannan shi ake kira ciwon sukari na masu ciki. A rahoton da ƙungiyar IDF mai lura da ciwon sukari a duniya ta fitar a 2021, ta ƙiyasta cewa kusan haihuwa 1 cikin 6 a duniya tana zuwa ne daga uwar da sukarinta ya hau a lokacin goyon ciki.

Ya kamata a fahimce ni da kyau. Ban ce kek ne shi kaɗai yake kawo wannan ciwo ba. Akwai gado, akwai ƙiba, akwai yawan shekaru. Wadda ta taɓa haifar jariri mai nauyin kilo 4 ko fiye, ko ta taɓa haifar ɗa ba rai ba a gano dalili ba, ko ta taɓa samun ciwon a wani cikin, ita ma tana cikin waɗanda muke sa wa ido. Waɗannan duk ba a hannunki suke ba a yau. Abin da ke hannunki shi ne abin da kike zubawa a kwano, kuma ga jikin da insulin ɗinsa ya riga ya gaza, kayan zaƙi ƙarin kaya ne a kan wanda ya gaji.

Me ke faruwa da jariri? Sukarin da ke jinin uwa yana ratsa mabiyiya ya isa gare shi, amma insulin ɗinta ba ya ratsawa. Sai jikin jaririn ya dinga samar da nasa insulin da yawa, yana mayar da sukarin kitse. A nan ake samun ƙaton jariri. Mu a al'adance idan aka haifi ƙato murna muke yi, ana cewa uwar ta ci da kyau. A ɗakin haihuwa kuwa mun san abin da ke tattare da hakan: doguwar naƙuda, kai ya fito kafaɗa ta maƙale, uwa ta ƙaru sosai, zubar jini bayan haihuwa, ko a ƙare da yi mata aiki. Bayan an yanke cibiya kuma, sukarin da yake samu daga uwa ya tsaya cak, ga insulin da yawa a jikinsa, sai sukarinsa ya faɗi. Irin waɗannan jarirai ne ake ɗauka zuwa ɗakin jarirai ana ta gwada jininsu, uwa tana can tana kuka. Haka kuma ciwon yana ƙara haɗarin hawan jini na masu ciki.

Abin da ya sa ciwon yake da wuyar sha'ani shi ne, mafi yawan masu shi ba sa jin komai. Yawan fitsari da ƙishirwa da gajiya kuwa, kowace mai ciki tana iya jin su. Gwaji ne kawai ke nunawa. Ana yin sa ne tsakanin mako na 24 da na 28. Za ki zo da safe ba ki ci komai ba, a ɗebi jini, a ba ki ruwa mai giram 75 na sukarin gulukos ki sha, a sake ɗiba bayan awa 1 da bayan awa 2. Bisa ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2013, idan na kafin sha ya kai 5.1, ko na awa 1 ya kai 10.0, ko na awa 2 ya kai 8.5, to akwai ciwon. Idan kina cikin waɗanda na lissafa a sama, ki faɗa mana tun zuwanki na farko domin a gwada ki da wuri. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Sau da yawa ana ce mini, “Ai cikin ne ke kwaɗayi, in an hana ta, ɗan zai fito da tabo.” Kwaɗayin mai ciki gaskiya ne, muna ganin sa kullum. Amma hana ta alkaki ba ya sa wa jariri tabo. Mai cikin da gwajinta ya yi kyau tana iya ɗanɗana kek jefi-jefi, ɗan yanki bayan ta ci abinci. Wadda aka tabbatar tana da ciwon kuwa, ta haƙura da su har ta sauka, sai abin da likita da masu kula da abincin marasa lafiya suka tsara mata. Watanni kaɗan ne, kuma mata da yawa gyaran abinci da 'yar tafiya bayan cin abinci sukan wadatar da su ba tare da an kai ga allura ba.

Ga wata faɗakarwa mai muhimmanci ga wadda aka ɗora a kan allurar insulin. Ke kam kada ki rabu da ɗan sukari a jakarki. Idan kika ji jikinki yana rawa, gumi yana keto miki, ga jiri da bugun zuciya, alama ce sukarinki ya faɗi. Ki jiƙa ƙananan cokula 3 zuwa 4 na sukari a ruwa ki sha nan take, ki bi da abinci, sannan ki sanar da mu. A irin wannan hali kek da cincin ba sa aiki da sauri, saboda man da ke cikinsu yana jinkirta narkewarsu.

Mai Jego Da 'Yan Barka

Duk wanda ya shigo ɗakin masu jego lokacin ziyara ya san abin da ke cika saman akwatin gefen gado: ledar cincin, kek, lemon kwalba, madarar gwangwani da kwalin sukari. 'Yan uwa suna kawowa ne don ƙauna, kuma mun gode musu. To amma a cikin matan da ke kwance akwai waɗanda muka sha fama da sukarinsu wata da watanni, kuma kunya ba za ta bar su su ce wa uwar miji ko yayar miji ba sa ci ba.

Gaskiya ne ciwon sukari na masu ciki yakan tafi bayan haihuwa. Amma wadda ta taɓa yin sa ta fi sauran mata haɗarin kamuwa da ciwon sukari na dindindin a shekarun da ke gaba. Don haka muke cewa ta dawo a sake gwada ta tsakanin mako 6 zuwa 12 bayan haihuwa, sannan ta ci gaba da gwaji a kai a kai, kada ta wuce shekara 3 ba ta yi ba. Kwana arba'in na jego, da ake ɗura wa mace shayi mai kauri da kunu mai zaƙi da kayan suna, su ne kwanakin da ya kamata a fara kiyaye ta.

Wasu suna ganin zaƙi yana kawo ruwan nono. Abin da ke kawo ruwan nono shi ne yawan sa jariri a nono dare da rana, da kama nonon yadda ya kamata, da cin abinci mai gina jiki, da shan ruwa, da kwanciyar hankali. Mai shayarwa tana buƙatar ƙarin abinci, wannan haka yake. Amma a nemo shi daga wake, ƙwai, kifi, nama, nono, zogale da sauran ganyaye. Ina roƙon 'yan barka, idan za ku zo, ku riƙo ƙwai, ko lemon ɓawo, ko gwanda, ko farfesu. Ku kuma maza, maigida, kai ne za ka iya faɗa wa danginka abin da matarka ba za ta iya faɗa ba. Ka ce likita ne ya hana, magana ta ƙare.

Yara Ƙanana

Jariri daga haihuwa zuwa wata 6 nonon uwa zalla yake buƙata. Daga wata 6 zuwa shekara 2, shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta a 2023 ita ce kada a ba shi abinci mai yawan sukari ko abin sha mai zaƙi. Cikin yaro ƙarami ne. Idan biskit da kek suka cika shi, babu wurin kunun gyaɗa da wake da ƙwai. Sai uwa ta kawo shi tana cewa ba ya cin abinci, alhali ga biskit a hannunsa. Kuma harshen da aka saba masa da zaƙi tun yana goye, da wuya ya karɓi faten wake daga baya.

Zuma kuwa, ga zaƙi ga harbi. Kada a ba yaron da bai cika shekara 1 ba zuma, ko da lasawa ce, ko da a cikin nakiya ko alkaki ce, domin tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya yaƙarta ba, wadda dafinta ke sa jiki ya saki har numfashi ya gagara. Gasawa ko suya ba su da tabbacin kashe ta. Haka kuma busasshen cincin mai tauri da gyaɗa suna iya shaƙe ƙaramin yaro, musamman idan yana ci yana gudu ko yana dariya.

Sai maganar haƙori. Abin da muke kira tsutsar haƙori ba tsutsa ba ce. Ƙwayoyin cuta ne da ke zaune a baki, suna cin sukarin da ya maƙale, suna fitar da tsami mai cinye haƙori. Duk lokacin da zaƙi ya shiga baki sai wannan tsami ya taso, saboda haka yaron da yake tsakurar iloka tun safe har yamma ya fi cutuwa a kan wanda ya ci rabonsa sau ɗaya bayan abinci. A ba su bayan abinci, su kuskure baki, a kuma goge musu haƙora safe da dare da man goge baki mai fuloraid.

Yadda Za Ki Rage Ba Tare Da Kin Ɓata Kwaɓinki Ba

Na san abin da masu yin kek za su ce: idan aka cire sukari kek ba zai tashi ba. Suna da gaskiya. Sukari ba zaƙi kaɗai yake bayarwa ba. Idan ana buga shi da bota, shi ne yake kama iskar da ke sa kek ya yi laushi. Shi ne yake riƙe danshi, kuma shi ne yake ba da launin nan mai kyau a sama. Don haka ban ce a cire duka ba. Ga abin da nake ba da shawara:

1. Ki daina awo da ido. Ki ware kofi ɗaya ko gwangwani ɗaya ya zama ma'auninki. Kofin awo cike da sukari kimanin giram 200 ne, wato ƙananan cokula 50. Ki raba yawan cokulan da kika zuba da yawan kek ɗin da kika samu, sai ki san abin da ke cikin kowane ɗaya.

2. Ki rage kashi 1 cikin 4 na sukarin da kika saba zubawa. Yawancin kwaɓin kek da cincin da biskit suna jure wannan ragi. Idan mutanen gida sun saba, ki gwada kashi 1 cikin 3. Harshe yana sabo, sannu ba ta hana zuwa.

3. Ki cike gurbin da ƙamshi: citta, kirfa, kanumfari, gyaɗar ƙamshi, ko gogaggen ɓawon lemo. Nunanniyar ayaba da gurzajjen karas suna ƙara danshi da ɗan zaƙi.

4. Ki maye kashi 1 cikin 3 na fulawa da garin alkama da aka niƙa da dusarsa. Ya fi riƙe ciki, kuma ya fi farar fulawa amfani.

5. Ki ƙanƙanta girma. Ƙaramin gwangwani ya wadatar. Dublan da alkaki kuma a tsoma a tsame, a bar ruwan sukarin ya tsane sosai.

6. Ki zuba wa kowa rabonsa a ɗan faranti, ki rufe bokitin ki ɗaga shi sama. Kuma idan an ci kek, a kora da ruwa ko zoɓon da ba a cika wa sukari ba.

Kada kuma a ruɗe ki da cewa mazarƙwaila ko zuma ko ruwan dabino ba sa ɗaga sukari. Mazarƙwaila ruwan rake ce da aka dafa ya daskare, ita da farin sukari uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Dabino yana da amfaninsa, amma shi ma cike yake da sukari, mai ciwon sukari sai ya ƙirga abin da zai ci.

Sauran Abin Da Ke Shiga Kwano

Tun da ke ce mai zaɓen kayan haɗi, ga wasu abubuwa da za ki lura da su bayan sukari. Wasu nau'o'in bota da daskararren mai suna ɗauke da wani kitse da ake kira tirans, wanda ke toshe hanyoyin jinin zuciya. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira ga ƙasashe su kawar da shi daga abinci, kuma dokar mai da kitse ta 2022 ta hukumar NAFDAC ta iyakance shi zuwa giram 2 a cikin kowane giram 100 na mai. Saboda haka ki fi son botar da ke cikin mazubinta mai suna da lambar rajista da ranar lalacewa, a kan wadda ake ɗiba a ƙulla a leda ba a san asalinta ba. Man suya kuma idan ya yi baƙi, ya yi kauri, yana kumfa ko hayaƙi, ya gama aiki, a zubar.

Tun 2002 Najeriya ta wajabta ƙara sinadarin bitamin A a fulawa da sukari da man girki, kuma za ki ga alamar ido a jikin buhu ko mazubi. Ki nemi mai wannan alama, amma kada hakan ya zama hujjar ƙara sukari. Masu yin burodi da makamantansa kuma su tuna cewa NAFDAC ta haramta sinadarin buromet mai kumbura kwaɓi tun zamanin da marigayiya Farfesa Dora Akunyili take shugabantarta, daga 2001 zuwa 2008. Duk wata hoda ko kala da aka ƙulla a leda babu suna, kada ta shiga kwanonki.

Gyaɗar da ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci a tsince ta a zubar, domin tana iya ɗauke da guba mai lahanta hanta, wadda suya ba ta kashewa. Ɗanyen kwaɓin kek yana da ɗanyen ƙwai da ɗanyar fulawa, don haka mai ciki da yara kada su lashe kwano ko muciya. Kada a tsane cincin a kan jarida, tawadar tana bin mai. Mai gashi da gawayi ta yi a tsakar gida inda iska ke ratsawa, ko da sanyi ake yi, domin gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai kisa wadda ba ta da wari. Kaskon suya kuwa a nisanta shi da masu rarrafe. Ƙunar mai ga ƙaramin yaro ba ƙaramin abu ba ce.

Ga Masu Sana'a

'Yan uwana masu yin kek da cincin na sayarwa za su ce, “Sista, in na rage sukari masu saye za su gudu.” Na fahimci wannan, kuma ba na so kowa ta rasa abin hannunta. Amma ki duba yawan gidajen da a yau akwai mai ciwon sukari ko hawan jini a cikinsu. Waɗannan ma masu saye ne, kuma suna neman wadda za su amince da ita. Ki yi kashi biyu, wanda aka saba da mai ƙarancin sukari, ki bar mutane su zaɓa. Sukarin da kika rage ma riba ce, ganin yadda tsadarsa take. Abin da nake roƙo shi ne faɗin gaskiya. Kada ki ce wa mai saye “wannan na masu ciwon sukari ne” alhali zuma ko dabino ko mazarƙwaila kika zuba, ga kuma farar fulawa. Wani zai yarda da ke ya ci da yawa, ya ƙare a gadon asibiti. Ki faɗa masa abin da ke ciki, ya je ya yi shawara da likitansa.

Daga ƙarshe, duk mai cikin da ta kai wata 6 ba a gwada sukarinta ba, ta tambaye mu a zuwanta na gaba. Wadda aka ce tana da ciwon a cikin da ya wuce kuma ba ta dawo gwaji ba, ƙofa a buɗe take. Idan kina da yadda kike haɗa kek ko cincin ɗinki kuma kina so a taya ki lissafin sukarin da ke ciki, ki rubuto shi a takarda ki zo da shi ranar awo, mu zauna mu duba tare. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.